Zuwa ga shugabannin ɗakunan karatu na jami'o'i: kwana nawa tsakanin ɗalibi mai nakasa da littafinsa?

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Da kunne nake rubuta muku wannan wasiƙa. Ina danna harafi, wata murya a cikin kwamfuta tana faɗa mini abin da na danna. In na kai ƙarshen jimla sai in sa ta karanto mini ita daga farko, in ji inda ta yi tuntuɓe, in gyara. Idanuna sun tafi tun ina sakandare, kuma da wannan murya, da rubutun makafi na Braille, da haƙurin abokai na yi digirina har na gama. Na faɗi haka tun farko don ku san bakin da ke magana. Ba "Allah sarki" na zo nema ba. Na sha ta har ta gundure ni, kuma ba ta taɓa buɗe mini shafi ko ɗaya ba. Kada ku wahalar da kanku wajen zaɓen sunan da za ku kira mu ma. Ku ce masu buƙata ta musamman, ku ce masu nakasa, ku ce mini makaho, duk zan amsa, in dai littafin zai zo.

Kun san adadin littattafan da ke kan kantocinku. Kun san kujeru nawa ne a zauren karatu, mujallun bincike nawa kuke biya wa kuɗi a intanet, mutum nawa suka shigo bara. Duk wannan yana cikin rahoton da kuke miƙa wa hukumar jami'a kowace shekara. To, daga ranar da ɗalibi mai nakasa ya nemi littafi zuwa ranar da littafin ya iso shi a sigar da zai iya karantawa, kwana nawa ake yi? A wane shafi na rahoton aka rubuta wannan?

Ga yadda nawa lissafin ya kasance a wani zango na shekarata ta uku. Ranar Litinin malami ya ambaci babi uku daga wani littafi, ya ce nan da mako biyu akwai gwaji a kansu. Wanda ke zaune kusa da ni ya fita daga aji, ya shiga laburare, kafin a tashi cin rana littafin yana jakarsa. Ni kuwa na je teburin karɓar baƙi, aka ce wannan ba aikinsu ba ne, in je ofishin kula da harkokin ɗalibai. Can aka ba ni fom na takarda in cike, wato makaho aka miƙa wa biro. Abokina ya cike mini, aka sa hannu, aka ce in koma laburare. Mai ɗaukar hoton shafuka ya tafi wani taro. Ya dawo, na'urar ta ƙi. Gwaji ya zo ya wuce, na rubuta abin da kunnena ya tsinta a lakca. A mako na biyar aka kira ni da fara'a aka ce littafina ya kammala, aka zuba mini shi a filashi. Ihu bayan hari ke nan, amma na yi godiya, don jarabawar ƙarshen zango tana gaba.

Na koma ɗaki, na soka filashin, na buɗe fayil ɗin. Muryar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce mini babu rubutu a ciki. Na sauka shafi na biyu, babu. Na uku, babu. Shafi 84 aka ɗauko mini, kowanne hoto ne.

Wannan wurin nake so ku tsaya ku fahimta, domin a nan ne ma'aikata masu kyakkyawar niyya suka fi yin kuskure. Idan aka ɗora littafi a kan sikana aka mayar da shi PDF, abin da aka samu hoton takarda ne. Mai ido yana kallo yana ganin kalmomi. Manhajar da ke karanta wa makaho allo ba ta ganin komai, tamkar an ɗora mata hoton bango. Sai an bi da hoton ta wata manhajar, wadda ake kira OCR, ta gane haruffa ta mayar da su rubutu na gaske. Ko bayan haka aiki bai ƙare ba, don OCR tana da kwaɓa. In shafi ya karkace, ko wani ɗalibi ya taɓa ja wa layi da biro, sai ta haifar da kalmomin da ba a taɓa ji ba. In shafin ginshiƙi biyu ne, tana iya karanta su a haɗe, rabin jimlar hagu ya auri rabin jimlar dama. Jadawalin lissafi yakan tarwatse ya zama tarin lambobi marasa uwa marasa uba. Harsunan da ke da haruffa masu lanƙwasa irin namu kuwa ba a magana, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Dole wani mutum ya zauna ya bi rubutun, ya gyara, ya sa wa kanun babi alama don in iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan, ya bayyana zane da kalmomi, ya kuma bar lambar shafi yadda take a littafin asali. Lambar shafin nan ba ƙaramin abu ba ne. In ban san a shafi na nawa marubuci ya faɗi magana ba, ba zan iya kafa hujja da ita a kundin digirina ba, kuma mai duba kundin ba zai yi mini rangwame ba. Bai ma kamata ya yi ba.

Za ku ce ai akwai abokai masu karanta mana. Akwai, Allah ya saka musu da alheri. Amma ku ɗan kwatanta yin digiri da idon aro. Abokinka yana da nasa karatun. Yakan zo bayan ya gaji, ya karanta maka shafi goma muryarsa ta fara dushewa, ka ji yana tsallake bayanan ƙasan shafi, kai kuma kunya ta hana ka ce ya koma. Mai ido yana ɗaukar littafi ya leƙa nan ya leƙa can, cikin minti biyar ya gane ba shi yake nema ba, ya mayar. Ni sai na cinye sa'ar mutum guda kafin in gane haka. Akwai kuma abin da mutum yake son ya karanta shi kaɗai, ba tare da kowa ya san ya karanta ba, kuma ku da kuka yi karatun aikin laburare kun fi ni sanin darajar sirrin mai karatu.

Tunda na taɓo karatunku, kun san dokoki biyar ɗin da S. R. Ranganathan, masanin laburare na ƙasar Indiya, ya shimfiɗa a 1931, waɗanda ake koya wa kowane ɗalibin fanninku tun shekarar farko. Ta biyu ta ce kowane mai karatu da littafinsa. Ta huɗu ta ce a tattala lokacin mai karatu. Ban ji inda ya ce ban da wanda ba ya gani ba. Ta huɗun nan ita ce tawa. Zangon karatu 'yan makonni ne, kuma agogo ɗaya ake buga wa kowa. Duk kwanan da littafi ya yi a hanya, daga cikin makin ɗalibi ake cire shi.

Yanzu bari in zo kan ɗakin nan. Yawancinku kuna da shi, ko kuna burin ku yi shi: ɗaki na musamman, da allo a ƙofa, an zuba kwamfutoci biyu ko uku da injin buga rubutun makafi, an yanka kirtani ranar buɗewa an ɗauki hotuna. Namu ma haka yake. Na taɓa shafa injin, na ji ƙura a kan rigar ledar da aka lulluɓe shi da ita. Takardarsa mai kauri ta ƙare tun kafin in shigo jami'ar, ba a sake saye ba. Manhajar da ke kan kwamfutocin ta kuɗi ce, lasisinta ya ƙare, saboda haka takan yi magana na minti arba'in ta yi shiru, sai an kashe kwamfutar an sake kunnawa. Mabuɗin ɗakin kuma yana aljihun mutum ɗaya. In ya tafi hutu, ɗakin ya tafi hutu. Ƙarfe huɗu na yamma yake tashi, alhali babban zaure yana buɗe har dare, lokacin jarabawa ma kusan kwana ake yi a ciki. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A takarda jami'ar tana da cibiyar tallafa wa ɗalibai masu nakasa, kuma duk baƙon da ya zo sai an zagaya da shi ya gani.

Ba na cewa a rushe ɗakin. Akwai aikin da ke son wuri mai shiru, kuma injin buga Braille yana da ƙarar da ba za a jure ta a zaure ba. Abin da nake cewa, kada a tattara dukan hakkinmu a kulle shi a bayan ƙofa ɗaya. Akwai manhajar karanta allo mai suna NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina, an fara ta a 2006. Kyauta ce, ba lasisi, ba sabuntawa da kuɗi, har a filashi ana iya ɗaukarta a yi yawo da ita. Mai kula da kwamfutocinku zai iya ɗora ta a kan kowace kwamfutar Windows da ke zauren cikin yini ɗaya. A ajiye abin sawa a kunne guda biyar a teburin aro, kamar yadda ake ajiye littafi. Shi ke nan, na zauna inda kowa ke zama, kusa da 'yan ajinmu, a lokacin da nake so. Kwamfutocin Apple da wayoyinsu suna zuwa da tasu manhajar karanta allo mai suna VoiceOver a ciki, wayoyin Android suna da tasu mai suna TalkBack, Windows kanta tana da abin ƙara girman rubutu. Rabin kayan aikin yana hannunku tuntuni, ba a dai kunna shi ba.

Kuma ba sabon abu ba ne da za a ce ana jira a ga yadda zai kaya. Tun 1976 Ray Kurzweil ya nuna na'urar da ke ɗaukar shafin littafi ta karanta shi da murya. A lokacin jibgegiya ce, yau wayar da ke aljihun ɗalibi tana yin aikinta. In muka koma baya sosai, Louis Braille yana da shekara 15 ya tsara rubutunsa na ɗigo shida a 1824, yana ɗalibi a makarantar makafi ta birnin Faris. Ɗalibai suka rungume shi nan take, don sun ji daɗinsa a yatsunsu. Hukumar makarantar kuwa ba ta amince da shi a hukumance ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa. Shekara talatin tsakanin ƙirƙira da sa hannu, kuma masu ido ne suka riƙe alƙalamin.

Da na ambaci Braille, kada wani ya ce muku murya ta kashe shi. Da kunne ana shan labari, ana bin tarihi da adabi, amma ba a sanin yadda ake rubuta kalma. Na yi shekaru ina faɗin sunan wani masani daidai, ranar da na rubuta shi a jarabawa malamin bai gane wa nake nufi ba. Lissafi da kimiyya sun fi tsanani. Ku sa wani ya karanta muku doguwar ƙa'idar aljabara da baki, mai baka a cikin baka da lamba a saman lamba, ku gani ko za ku riƙe ta. Shi ya sa Abraham Nemeth, wanda shi kansa makaho ne masanin lissafi, ya tsara wa lissafi nasa salon Braille, aka fara buga shi a 1952. Akwai kuma ɗan allon da ake haɗawa da kwamfuta, ƙananan ƙusoshi suna tasowa suna komawa, layi bayan layi, yatsa yana karantawa. Yana da tsada, ba kowane ɗalibi zai iya saye ba, kuma irin wannan ne ainihin abin da aka kafa laburare dominsa: a sayi ɗaya, mutum da yawa su amfana. Ku tuna kuma, yawancin masu lalurar ido ba makafi ne ɗungurungum ba. Da yawa suna gani dishi-dishi. Buƙatarsu fitila mai kyau a tebur, na'urar da ke ƙara girman shafi a kan allo, da lambobin kanta da aka rubuta manya da baƙi a kan fari. Waɗannan ba sa riƙe sanda, saboda haka ba ku san suna nan ba.

Sai maganar haƙƙin mallaka, wadda aka sha tare ni da ita. "Ba za mu iya kwafe littafi gaba ɗaya ba, doka ta hana." A da wannan magana tana da ƙarfi. Amma ranar 27 ga Yuni, 2013, a birnin Marakesh na ƙasar Maroko, ƙasashen duniya suka amince da wata yarjejeniya a ƙarƙashin WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, ta kuma fara aiki ranar 30 ga Satumba, 2016. Indiya ce ta fara tabbatar da ita, yanzu ta game ƙasashe sama da ɗari. Abin da ta tanada shi ne, cibiya irin laburare tana iya mayar da littafi zuwa Braille, ko murya, ko manyan haruffa, ko fayil ɗin da manhaja za ta karanta, ba tare da neman izinin mai littafin ba, muddin don masu lalurar karatu aka yi kuma ba don riba ba. Tana kuma iya aika kwafin ga takwararta a wata ƙasa. Ba makafi kaɗai ta shafa ba. Ta haɗa da wanda haruffa ke rikice masa saboda lalurar ƙwaƙwalwa, da wanda hannunsa ba ya iya riƙe littafi ko juya shafi. An yi ta ne saboda abin da Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana kira yunwar littafi, wato ƙasa da kashi 10 cikin 100 na abin da ake bugawa ne ke fitowa a sigar da za mu iya karantawa. Ku sa lauyan jami'a ya duba muku ko ƙasarku ta shiga, da yadda dokarku ta cikin gida ta ɗauki abin. Aikin rana ɗaya ne a wurinsa.

A 2014 WIPO ta kafa wani haɗin gwiwa da ake kira ABC, wanda ke da rumbun da ɗakunan karatu ke musayar irin waɗannan littattafai. Akwai kuma Bookshare, wani rumbun irin waɗannan littattafai a intanet, a Amurka tun 2002. Kafin ma ku kai can, ku dubi junanku. Littafin gabatarwar ilimin tattalin arziki da aka wahala aka gyara wa wani ɗalibi a jami'a ɗaya, shi ne wata ɗaliba take jira a jami'ar da ke maƙwabtaka, ana shirin sake ɗaukar hotonsa daga shafi na ɗaya. Mafi ciwo, ko a cikin laburare ɗaya fayil ɗin yakan ɓace. Ni da kaina na bar littattafai sama da ashirin da aka gyara mini ko na gyara da taimakon abokai. Da wani ƙanena a lalura ya shigo sashenmu bayan na fita, ba a sami ko ɗaya ba, don a kwamfutar wani ma'aikaci suke, shi kuma an yi masa canjin wurin aiki. Ku da kuka ƙware a adana takardar da ta shekara ɗari, bai dace a ce wannan ya gagare ku ba. A shigar da su kundin laburare kamar kowane littafi, da alamar cewa akwai sigar murya ko ta Braille.

Inda kuka fi ƙarfi kuwa, wurin saye ne. Kowace shekara kuna zuba kuɗi masu yawa wajen biyan rumbunan mujallu da littattafan intanet. Wasu daga cikinsu daɗin aiki gare su da manhajar karanta allo. Wasu kuma an ɗaure su tamau don gudun sata, har manhajar ba ta iya taɓa rubutun. Wani shafin maɓallansa ba su da suna, duk inda na taɓa sai muryar ta ce "maɓalli, maɓalli, maɓalli", in yi ta dannawa da sa'a. Wani kafin ya bar ni in shiga sai ya ce in zaɓi hotunan da ke da mota a ciki don in tabbatar ni mutum ne. Akwai ƙa'idojin da aka yarda da su a duniya kan yadda ake gina shafin intanet da kowa zai iya amfani da shi, ana kiran su WCAG, na farko ya fito tun 1999. Kafin ku sa hannu a kwantiragi, ku tambayi kamfanin ko kayansa sun cika su, kada kuma ku tsaya ga amsarsa. Ku kira ɗaliba makauniya ta zauna ta gwada neman maƙala ɗaya a gabanku, ku biya ta ladan lokacinta. Ɗan kasuwa in ya ga ciniki zai kuɓuce saboda wannan, zai gyara. Haka shafinku na neman littafi, haka rumbun da kuke zuba kundayen digiri. Ku daina karɓar kundi a matsayin hoto, tunda ɗalibin a kwamfuta ya rubuta shi tun asali. Tun ran gini ran zane.

Na daɗe a kan ido saboda nan ne ɗakina, na san inda yake yoyo. Amma ba ni kaɗai ba ne. Ina da abokiyar karatu mai keken guragu wadda a shekara huɗu ba ta taɓa hawa benen da littattafan fanninta suke ba. Lifta tana nan, ta lalace. Gangaren da aka yi a ƙofar shiga kuma ya miƙe tsaye kamar na sauke buhuna, sai mutum biyu sun tura ta, ita kuma ba ta son kowa ya riƙa ɗaukarta kamar kaya. Ma'aunin da magina suka sani shi ne ɗaya bisa sha biyu: kowane santimita ɗaya na hawa sama yana son santimita 12 na tsawon gangare. Matakala uku masu tsayin santimita 45 ke nan suna buƙatar gangaren da ya haura mita 5, da abin riƙewa a gefe. Tsakanin kanta da kanta, ƙa'idar Amurka ta ce kada ya gaza santimita 91, kuma ba amfanin faɗin in an jibge kwalaye a hanyar. Sai teburin da keke zai shiga ƙarƙashinsa, sai banɗaki. Kada ku raina maganar banɗaki. Ita ce ke yanke wa mutum sa'a nawa zai iya zama yana karatu. Kafin a gyara lifta, ba abin da zai hana a ce ta turo sunan littafi ta waya, a sauko mata da shi cikin sa'a ɗaya.

Kurma kuma yana shigowa ya fita ba wanda ya lura an bar shi a baya. Ranar da kuke tara sababbin ɗalibai kuna koya musu yadda ake neman littafi da yadda ake kafa hujja, in babu tafintan maganar hannu, bai halarta ba ko da yana zaune a layin gaba. Bidiyon koyarwar da kuke ɗorawa yana son rubutu a ƙasa. Ƙararrawar tashi da ta gobara suna son fitila mai walƙiya tare da su. Sannan ga masu ciwon da ba ya nunawa a fuska, irin mai sikila da ciwo zai kwantar mako biyu, ya dawo ya tarar da tarar jinkirin mayar da littafi tana jiransa. A tsawaita masa wa'adin aro, a yarda wani ya karɓa masa ko ya mayar masa. Wannan ko sisi ba ya ci.

Wani shugaban laburare ya taɓa ce mini, cikin ladabi, ai ɗalibai irinmu ba su da yawa, shi ya sa ba a ware mana kasafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tasiri, kusan ɗaya cikin kowane shida. In ba ku gan su a zaurenku ba, wasu sun zo sau ɗaya sun tarar da matakala sun juya, wasu sun ji labari tun suna sakandare ba su ma nemi gurbin ba, wasu suna nan zaune sun yi shiru don gudun a riƙa nuna su. An rufe ƙofa, an leƙa ciki, an ce ba kowa.

Ba zan yi butulci ba. Akwai wata baiwar Allah a teburin aro, Anti muke ce mata, wadda in ta ji ƙarar sandata sai ta ambaci sunana ta faɗi nata, don in san da wa nake magana. Ba ta taɓa cafkar hannuna ta ja ni ba, sai dai ta tambaya ko ina son ta raka ni, ta ba ni gwiwar hannunta in riƙe. In na zo da aboki, ni take yi wa magana, ba ta ce masa "me yake so?" kamar ba na wurin. Ita ce ta koyi OCR da kanta a lokacin hutunta, bayan abin da ya faru da shafi 84 ɗin nan. Rabin digirina nata ne. Amma da ta yi ritaya, komai ya bi ta, domin ba a taɓa rubuta wannan aiki a cikin ayyukan kowa ba. Kirki ne nata, ba tsari ba ne na laburare. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, ta shekarar 2006, ta ambaci ilimin gaba da sakandare a sashe na 24, ta kuma lissafa ƙin yi wa mutum gyaran da ya dace da lalurarsa a cikin nau'o'in wariya. Abin da yake haƙƙi ba a barinsa ga sa'ar wanda aka tarar a kan tebur. A sa wa aikin suna, a ba wa mutum biyu aƙalla, a horar da su, a horar da masu gadin ƙofa ma, don su ne farkon wanda muke haɗuwa da shi.

Na san kasafinku ba ya isa, na san rufin wani zauren yana zuba, na san ba ku kuke raba kuɗin jami'a ba. Na kuma san da yawanku kuna da takardar manufa mai kyawun lafazi kan wannan batu. In gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu. Abin da zai fi rage kwanakin nan ba saye ba ne, tsari ne, don ba a fafe gora ranar tafiya. Malamai sun san littattafan da za su koyar tun kafin a dawo hutu. Ofishin rajista ya san kwasa-kwasan da kowane ɗalibi mai nakasa ya ɗauka. Ku ne a tsakiya. Ku nemi jerin littattafan makonni shida kafin zango ya fara, ku rubuta wa kamfanonin da suka buga su ku nemi fayil ɗin asali, domin da yawansu suna bayarwa in laburare ya nema, wanda ba a samu ba ku fara gyara shi babi-babi bisa tsarin da malami zai bi. In babi na ɗaya ya iso ni a makon farko, ba ruwana da cewa na goma bai kammala ba.

Kafin taronku na gaba, ranku ya daɗe, ina roƙon kowannenku ya zauna a gaban kwamfutar zaurensa, ya kunna NVDA, ya kashe allon, ya ture linzamin gefe, ya nemi littafi ɗaya a kundin laburarensa da madannai kawai. Minti goma sha biyar sun isa. Sannan a buɗe rajista mai layi uku a teburin aro: abin da ɗalibi ya nema, ranar da ya nema, ranar da ya same shi a sigar da ya iya karantawa, shi ɗalibin ne kuma zai tabbatar da ranar ta ƙarshe bayan ya buɗe fayil ɗin ya ji yana magana. A ƙarshen zango a fitar da matsakaicin kwanakin, a sa shi a rahoton shekara, a layin da ke ƙarƙashin adadin littattafai.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ɗalibi makaho